Amsa a Cikin Gwangwani

Mushe Sahabi ya ja layi da alli,
ya raba allo gida biyu, ya ce:
"Hagu, abin da ke sākewa ya komo yadda yake.
Dama, wanda in ya tafi, ya tafi ke nan.
Ku duba a gida. Ran Litinin ina jira."

Tun a hanya na fara, nan Bagalam.
Na sayi ƙanƙarar dala biyar wurin Balki,
kafin in kai zaure ta zama ruwa a leda.
Na koma ina gunaguni, ta yi dariya,
ta jefa ledar a firij: "Gobe ki zo."
Na zo. Ga ta da tauri kamar tsakuwa,
ruwan jiya ne, kulli na ma yana nan.
Na rubuta ta a hagu.

Man shanu ya bi ta:
kusa da wuta ya kwanta yana sheƙi,
da asuba na same shi daskare a kwalba.
Gishiri kuwa wayo ya so yi mini.
Na dama shi a ruwa, ya ɓace,
ido bai gan shi ba, harshe ya tona shi.
Na shanya a faranti bisa katanga,
rana ta shanye ruwan,
ta bar mini shi fari fat.

Ƙanena Harisu ya ɗebo laka a Gulbi,
ya gina saniya, ya murje ta,
ya yayyafa ruwa, ta zama raƙumi,
raƙumi ya zama mota maras ƙafa ɗaya.
Sai ya tura motar cikin murhu ta kwana.
Ta fito ja, in an ƙwanƙwasa tana amo.
Ya jiƙa ta wuni guda, ta ƙi laushi.
Laka ɗaya, amma ta ci gida biyu:
ɗanya a hagu, gasassa a dama.

Kakata Tsahara na suyar gujiya don ƙuli-ƙuli.
Ta miƙo mini guda, da zafinta:
"Je ki shuka, in ta tsiro na ba ki akuyata."
Na rubuta.
Na ƙara ƙwan da mai shayi ya fasa a kasko,
da nonon da ba ya sake zama madara,
da ƙusar ƙyaurenmu da tsatsa ta ci,
da simintin maƙwabta
wanda sawun kaza ya zauna a kai har yau.

Daren Lahadi takarda ta cika gaba da baya.
Na aje ta kan turmi, barci ya ɗauke ni.

Da safe na ji ƙamshin koko.
Itace ya yi sanyi, ya ƙi kamawa,
Kaka ta laluba, ta sami abin hura wuta.
Ba ta karatun boko, ina za ta sani?
Na iske kusurwa ɗaya tana nannaɗewa,
kalmar "gishiri" ta yi baƙi a idona.
Na yi kuka. Ta dafa kaina, ta ce:
"Ko randa kika cika da hawaye,
toka ba ta komawa takarda."

Na yi shiru.
Na ɗauko gwangwanin tumatir, na kwashe.

A lakwal kowa ya miƙa tasa.
Ni na aza gwangwani bisa tebur,
da ledar Balki, tana ɗiga.
Aji ya fashe da dariya.
Mushe ya leƙa, ya shafa da yatsa,
ya ce, "Zuwaira, mene ne wannan?"
Na ce, "Aikina ne. Jiya takarda ne."

Ya daɗe yana kallon yatsan nan.
Sannan ya ɗauki ledar ya kai hagu,
ya ba ni gwangwanin, ya matsa gefe,
ya ce, "Kai shi inda ya dace."