Fitowa ta Arba'in da Bakwai

Da rana tuƙin adaidaita nake,
daga Kabuga zuwa Bata, daga Bata zuwa inda rabo ya kira.
Fasinja su biya su sauka, ba su san
sun bar mini wani abu a kujerar baya ba.
Shekaranjiya wata dattijuwa ta ce wa ɗanta a waya:
"Ban yi fushi ba, jiranka dai na daina."
Na ci birki a Ƙofar Famfo,
na rubuta a bayan rasiɗin mai,
na bayana suna ta zagi, ni ina gyara waƙafi.

Da dare sai ni da fitila mai caji
da sauro da littafi mai bangon kwali.
Labarin Malam Ilu ne, mai juya faifai a silima.
Shekara ashirin yana harba haske ta 'yar taga
bisa kawunan da ba su taɓa waiwayowa ba.
Mahaifina ne. Suna kawai na sauya masa.
Tarinsa kuwa na kasa sa shi a takarda,
duk yadda na rubuta, ba haka yake yi ba.
Silimar yanzu sito ce,
katan-katan na taliya sun rufe inda allon yake.

Na rubuta sau tara, na yaga takwas.
Fitowa ta arba'in da bakwai ta ƙi ni ƙememe:
Ilu ya shiga siton, ya tsaya. Sai me?
In ya yi kuka na yi masa ƙarya,
ban taɓa ganin hawayensa ba.
In ya yi magana ya ɓata komai.
Hansatu ta juya cikin magagi ta ce,
"Ka sa shi ya nemi makunni mana, ka zo ka kwanta."
Na sa shi.
Hannunsa ya bi bango a duhu
ya tarar da makunnin inda ya bar shi.

Ran Laraba na sa shaddata guda mai guga,
na hau bene a Kantin Kwari, wajen Alhaji Tasi'u.
Ya ɗora takardun a tafin hannu
kamar mai jin nauyin turmin atamfa.
"Waƙa nawa ne ciki?"
Na ce babu.
"Wa zai fito?"
Na ce tsoho, kowane tsoho da ya iya shiru.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Samari, shiru ba ya dawo da uwar kuɗi."
Na lissafa masa: kyamara ɗaya, kwana sha biyu,
sito na aro, shinkafar mutum ashirin,
duka bai kai dila biyu ta leshin can ba.
Ya ce in bar shi, zai duba.
Ina fita na ga ya ɗora kofin shayi a kai.

Sati uku ina zagaye Kwari kamar mai bin bashi.
Da na hau, aka ce Alhaji ya tafi saro kaya.
Na juya ke nan, yaron shagonsa, Mudan,
ya biyo ni matattakala, almakashi a hannu:
"Kai ne mai Ilu?
Shafi ukun ƙarshe shayi ya cinye su.
Don Allah, fitilar ta kama ko ba ta kama ba?"

Na dube shi, na daɗe ina dubansa.
Ɗan kallo guda, tun ba a kunna kyamara ba.
Na ce, "Ka gaya wa Alhaji
amsar tana nan, dila biyu ce."

Na sauko na tada inji.
Wani ya ɗaga hannu, Gwammaja za shi, yana waya.
Na rage ƙarar rediyo.