Tsohon Rami

Kakana Evaristo Cutipa ba ya kallon wata in ya cika.
Cikakken wata maƙaryaci ne, in ji shi,
yana shafe tabon kowa da farin alli.
Sai daren bakwai, da haske da duhu suka raba iyaka,
yake hawa rufin kwano da madubin hangen nesa.
Atacama na kwance ƙarƙashinmu, gishiri da shiru,
sanyi na cizon kunne.

"Fermina, sa ido.
Rabu da sababbin nan masu kaifin baki.
Gangara kudu. Ga shi can."

Da farko ban ga komai ba.
Sai inuwa ta yi miƙa, ta tona shi:
ganuwar da ta gaji da tsayuwa,
ta zauna, ta kishingiɗa.
Ta arewa wawulo ne, haƙora sun zube.
Ta yamma wani ƙaramin rami, ɗan bana-bakwai,
ya hau kafaɗarsa ya ɗare, ko sallama babu.

Cikinsa shimfiɗe yake, baƙi, sumul.
Narkakken dutse ya taɓa kwararowa ta giɓin nan,
ya cika shi har wuya, ya daskare.
Tsaunin da ke tsakiya ya nutse,
saura ɗan ƙoƙon kansa,
kamar mai wanka da aka manta a kogi.
Tsaga guda ta ratsa gabas, siririya,
sauran fili duk zanzana.

Na ce, "Wa ya cinye shi haka?
Can ba ruwa, ba iska."

Ya yi tari, irin tarin da ya kwaso
daga shekara talatin a ramin jan ƙarfe na Chuquicamata.
Na jira har ya gama.

"Bugu ɗaya ne ya haife shi,
babba, mai ƙarar da ba wanda ya ji.
Amma ba shi ya tsufar da shi ba.
Tsakuwa ce, yarinya. Ƙura.
Yau ƙwaya, gobe ƙwaya,
ba wadda ta isa a ba ta suna."

Ya murza ƙarfen madubin da yatsu huɗu,
na biyar yana can ƙarƙashin dutse tun kafin a haife ni.

A taswirarsa ramin na da sunan wani masani,
amma ya soke shi da fensir,
ya rubuta Casilda, sunan kakata,
wadda ba cuta ɗaya ce ta ɗauke ta ba.

Bana ni kaɗai na hau rufin.
Na makara da kwana shida, wata ya kusa cika.
Na nema, na nema,
fari fat, ko alama.
Na san dai yana nan.
Na rufe madubin da hularsa,
na sauko ina ƙirga kwanaki.