Ƙwallon Dabino a Gwangwani

Ni baduku ne a Birni, ɗan baduku,
Warin jima na tashi da shi a hanci,
Basilla ta san yatsuna, na san halinta.
Shekara ashirin bakina da magana guda:
"Rana ba ta isa." In karkaɗe riga, in kulle ƙofa,
Aikin jiya na kwance kan na shekaranjiya.

Habsu ɗiyata, mai zuwa lakwal,
Ta dire mini gwangwanin tumatir a gaba.
"Baba, duk sa'ad da ka ajiye basilla,
Ba don salla ba, ba don tuwo ba,
Jefa ƙwallon dabino ɗaya a nan."
Na ce yarinya ta raina furfura,
Amma na jefa, don kar ta yi fushi.

Kwal! Na tashi neman wuƙa,
Ashe tana ƙarƙashin fatar da na zauna.
Kwal! Waya ta yi kuka, gaisuwa ce kawai,
Mun gaida gida, mun gaida gajiya, har da awaki.
Kwal! Zaren dala arba'in ya ƙare,
Na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole,
Kuɗin hanya ya ninka kuɗin zare,
Na dawo inuwa ta bar ƙofar shago.

Sai ga Kalla da butarsa da gawayi.
Na fari mai ɗaci, na biyu mai daɗi,
Kafin na uku ladan ya kira azahar.
Mun raba gadon mutanen da ba su mutu ba,
Mun gyara ƙasa kaf daga kan tabarma,
Jakar mutumin Mirya ko baki ban kama ba,
Alhamis uku ke nan yana juyawa.

Magariba Habsu ta zazzage a tafinta:
Talatin da ɗaya.
Ba ta ce uffan ba. Da ma ta ce.
Ɓarawon da nake nema a sararin sama
Yana sanye da rigata, da hulata.

Washegari na kafa ƙusa a bango,
Wuƙa ta sami gida, almakashi ma.
Yanka da safe, ido na da kaifi,
Ɗinki da hantsi, rini sai rana ta yi sanyi.
Sayayya sau ɗaya, ran Alhamis,
Muntari ya je da takarda, ni ina zaune.
Waya na tura ta cikin takalmi,
Ta yi ta kukanta har a yi salla.

Saura Kalla. Nan ne ƙashin ya tsaya a wuya.
Na ce, "Aboki, shayi sai bayan la'asar."
Ya dube ni kamar na zagi kakansa,
Ya kwashe gawayinsa tun bai kama ba.

Kwana uku na ɗinka jaka goma sha biyu.
Mutumin Mirya ya zo, ya biya, ya ƙara oda.
Amma shagon ya yi tsit kamar rijiyar rani,
Ina jin ƙarar zare yana ratsa fata,
Ba mai ce mini ƙarya nake.

Ran na huɗu na kulle da wuri,
Na sayi sukari, na nufi Garin Malam.
Ya ce, "Mai agogo, ka ɓata hanya?"
Na ce, "Hura wuta, yanzu lokacin nawa ne,
Na biya kuɗinsa tun da safe."

Yau gwangwani bai wuce bakwai.
Ɗaya na Kalla ne, don wani lokaci
Yakan leƙo da hantsi, in yi kamar ban gani ba,
Sannan in ajiye basilla da kaina.

Talatin da ɗayan nan Habsu ta binne bayan ɗaki,
Tana ba su ruwan alwala da ya rage,
Ga ruwa da tsada a Damagaram.
Biyu sun tsiro. Na ce yaushe za a ci?
Ta ce, "Baba, koma bakin aikinka."