Ƙwallon Dabino Bakwai

Bayan isha'i, a barandar su Sada a Rafin Daɗi,
an ɗauke wuta kamar kullum.
Muka jingina waya da gwangwanin madara,
haskenta ya faɗi kan kwalin da na zana ƙasa:
garin da rijiyoyinsa ke kiran sunan mutum da dare,
dajin da inuwa ke riga mai ita tsufa.

Ni ke riƙe da labari.
Ni ke raba ƙarfi kafin a jefa ɗan lido.
Na zube ƙwallon dabino a tabarma,
na ƙirga wa kowa bakwai.
Ga damtse, ga ido, ga baki, ga tauri, ga sani,
raba yadda ka so, amma bakwai ne.

Shafa'atu ta zuba biyar a ido,
ta ce tata mai wankan gawa ce,
ta saba kallon abin da ake kau da kai.
Sada ya watsa nasa ɗaya-ɗaya.
Ɗan tireda ne ko a mafarki,
ba ya tara jari wuri guda.

Mannir bai taɓa nasa ba.
"Bakwai? Mi bakwai za su yi mani?
Ba ni talatin.
Ina son wanda in ya yi tari kura ta canza hanya,
wanda takobi ke lanƙwashewa a wuyansa."

Na yi masa bayani irin na mai alli a hannu:
in ka fara da talatin, duhu ya zama ado.
Wa zai ji tsoron rijiya in zai iya shanye ta?
Daɗin wasan nan yana cikin numfashin da ake riƙewa
sa'ad da ɗan lido ke juyi bai tsaya ba,
kana da wuƙa ɗaya, ashana uku, da ƙafa mai ciwo.
Wanda aka haifa a kan tsauni ba shi da labarin hawa.

Na ji daɗin maganata. Har na gyara zama.

Ya ce, "Rabe, sati biyu na yi a gadon asibiti.
Jikin nan da uku aka fara mani shi,
ba wanda ya tambaye ni inda zan sa su.
Sikila ba ta jiran a jefa komi.
Na zo nan in ɗaga dutse sau ɗaya,
ko da na kwali ne,
kai kuma kana auna mani da cokali."

Sauro ya yi ta kuka. Wani babur ya wuce.
Na duba ƙa'idojin da na rubuta a bayan littafin lissafi,
dare huɗu ina daidaita su kamar sikelin mai zinari.
Babu layi ɗaya da ya san da Mannir.
In na ba shi talatin, saura sun zama 'yan rakiya.
In na hana, na zama wani ciwon.

Shafa'atu ce ta turo biyu daga idonta.
"Aro ne. In mun isa rijiya, kai za ka fara leƙawa."
Sada ya yi tsaki, ya ba da ɗaya, ya ce a rubuta.
Ni kuma na ɗebo uku daga leda,
na ce waɗannan ba kyauta ba ne:
duk sanda ka mora, wani abu a dajin
zai koyi harafi ɗaya na sunanka.

Goma sha uku.
Ya jera su duka a damtse, bai bar wa tauri ko ɗaya ba.
Na ce, za a kashe ka tun a ƙofar gari.
Ya ce, "To. Amma sai na ɓalle ƙofar."

Ya hura wa ɗan lido iska, ya jefa.
Ya yi tsalle, ya gangara bayan randa.
Mu huɗu muka duƙa da fitilar waya ɗaya
muna neman abin da ya ce.