Bakan Ƙofar Baba Nomau

A Bagalam, bayan la'asar,
Baba ya kafa turaku biyu a ƙasa,
mita huɗu tsakaninsu.
Ya ce, "Nan ƙafafun baka za su zamna."

Ni kuwa na taso daga lakol,
da ƙurar alli a yatsuna
da muryar Mushe Illiya a kunnena:
inda layi ya taɓa ƙasa, nan tsawonsa sifiri ne.
Na tsuguna, na sa wa turken farko sifiri,
na biyu na sa masa huɗu,
na zana da tsinke a kan yashi:
y = a·x·(x − 4).

"Wannan a ɗin fa, ɗan wane ne?" in ji Baba.
Na ce baƙo ne, bai faɗi sunansa ba tukuna.
Ƙafafu biyu ba su isa shaida ba.
Baka dubu na iya tsayawa a kansu,
wani ya durƙusa kamar bayan kunkuru,
wani ya miƙe ya nemi hasumiya.

Baba ya tofar da goro, ya dubi titi.
"Amalanken Ɗan Jimo za ta shiga nan da harawa.
Mita guda daga turke,
kahon kayan yana kai mita ukku.
In ta gogi ginina, sunana ta goga."

Shi ke nan, shaida na uku ya iso.
Na ba x ɗaya, na ba y uku.
Ɗaya a debe huɗu, an ci bashin uku;
uku a raba da bashin uku,
baƙo ya buɗe baki:
sunansa bashin ɗaya.

Kifaffiyar ƙwarya ce ke nan, ba mai tarar ruwa ba.
Na auna tsakiya, inda x yake biyu,
na ɗaga kai na ce, "Baba, ƙololuwa mita huɗu."

Bai ce komai ba.
Ya jawo gorar da ke jingine da katanga,
ya nuna mini tsagar wuƙa a jikinta,
wadda ya yi tun da hantsi
ina can ina hamma a aji.
Muka shimfiɗa mata ma'auni.
Huɗu, da ɗan yatsa guda a kai.

"Yatsan na mene ne?"
"Na laka ne, ɗiyata Tsahara.
Takardarku ba ta shan rana.
Laka in ta bushe, sai ta zamna."

Akuyar maƙwabta ta bi ta kan lissafina.
Ban kore ta ba.
Na naɗe hannun riga, na ɗauko masa kwano.