Kwana Tara a Layin Apapa

Kwana tara ke nan tankata na tsaye,
hancinta a gindin wata, wata a gindinta,
tun daga gadar Ijora har inda ido ya gaji.
Mun shanya wanki a kan madubi.
Sallau ya kafa murhu can bakin kwata,
don tanki, ko wofi ne, yana da fushi.

Da asuba rediyo ta ce gangar mai ta faɗi a kasuwar duniya.
Da la'asar ta ce ta miƙe.
Ni ban taɓa ganin gangar nan ba.
Shekara goma sha bakwai ina goye da ruwanta,
ban san wa ke tura ta ba, ban san wa ke ɗaga ta ba.
Na dai san in ta faɗi, a ƙafata take faɗuwa,
in ta tashi, ba ta waiwayo ni.

Iya Ronke mai shinkafa ta fi rediyo lissafi.
Jiya ludayi uku, yau biyu da rabi,
nama ya koma maɓallin riga.
Na ce, "Iya, yaya haka?"
Ta nuna teku da ludayi, ta ce, "Dala,"
kamar mai faɗin sunan maƙwabcin da ya ci bashinta ya gudu.

Ƙanena Barau ya kira daren Talata.
Gero ya nuna, in ji shi,
amma mutanen daji sun aiko:
dubu ɗari takwas kafin magirbi ya taɓa kara.
An raba wa kowane gida nasa.
"Yaya, namu arba'in ne."
Na ce to.
Me zan ce?

Baburansu ma fetur suke sha.
Tun daren nan barci ya yi mini rowa.
Cikin lita dubu talatin da uku
da na kai arewa watan jiya,
wane galan ne ya kai su ƙofar gidanmu?

An fara manna hotuna a ƙafar gada,
haƙora farare, hula a karkace.
In ruwa ya jiƙa fuska ɗaya ta saɓule,
sai ka ga wata a ƙasanta tana murmushin shekara huɗu da suka wuce.
Cindo ya ɓamɓaro guda ya toshe gilashinsa da ya fashe.
Ya ce yau ce ranar farko
da ɗan takara ya tare masa ruwa.

Wani masani ya ce baɗi arziki zai ƙaru,
kashi uku da ɗigo biyu,
in an samu zaman lafiya,
in ba a fasa bututu ba,
in ganga ta tsaya da ƙafarta,
in masu bin mu bashi sun yi haƙuri.
Na ƙirga "in" ɗinsa har bakwai, batir ya mutu.
A kasuwar garinmu ba a auna "in" a tiya.

Da dare nakan hau saman tanki.
Can cikin ruwa fitilun jirage sun jeru,
ashe su ma layi suke.
'Yata Hansatu ta taɓa tambayata
ko teku ya kai tafkin bayan gari girma.
Na ce ya ɗan fi shi.
Ta ce to ya isa kowa ke nan.

Ɗazu aka yi ihu: layi ya motsa!
Mota ɗari ta yi tari lokaci guda,
hayaƙi ya rufe wankinmu.
Muka matsa tsawon tanka ɗaya.
Muka kashe.

Yaron ƙungiya ya zo da tikitin yau.
Na biya.
Na tura wa Barau arba'in ɗinsa,
na ce ya wasa magirbi.
Sallau na kira, shayi ya yi,
sai dai sukari, in ji shi, sai baɗi.