Faifan da Ba a Rufe Ba

A kwalin takalma na tsince shi,
ƙarƙashin rasidan wuta da makullan da suka manta ƙofofinsu,
ran da muke kwashe ɗakin Baba a Tbilisi.
A bayansa, da rubutunsa mai karkata hagu:
Telavi, tsinkar inabi.

Kakar ƙarshe ke nan da kaka Tsiala ta gani.

Kwamfutata ba ta da bakin cin faifai,
na yanzu ba a haifar su da shi.
Na aro na'urar Lamara mai jela,
na jona, na tura, ta haɗiye.
Ta yi gurnani, ta juya, ta juya,
ta ja tsaki sau biyu.
Allo ya ce babu komai a ciki.

Babu komai?
Akwai kwanduna sha ɗaya a ciki.
Akwai karenmu mai kunne ɗaya da rabi.
Akwai ni, ban kai tsayin tebur ba.

Na hura masa tururin baki,
na goge da ƙyallen tabarau,
daga cibiya zuwa gefe, an ce kar a zagaya.
Na shafa man goge baki a kan ƙarzuwar
har faifan ya yi ƙamshin safiya.
Manhaja uku na sauke.
Ɗaya ta nemi kuɗi, ɗaya ta daskare,
ta ukun ta tambaye ni lambar yankin faifan,
na duba jerin, ban ga gonarmu ba.
Na kashe, na kunna. Na kashe, na kunna.
Ƙarfe biyun dare firji kaɗai ke amsa mini.

Avtandil, mai shago a ramin tsallaka titi,
ya karkata shi a ƙarƙashin fitila.
Ya ce, ka ga zoben nan, inda launi ya sauya?
An rubuta, yana nan.
Rufewa ce ba a yi ba.
Kyamara takan ɗauka, sai a ce mata an gama,
sannan ta ɗaure bakin zaren.
Wannan ba wanda ya ce mata an gama.
Nemo wadda ta rubuta shi. Ita kaɗai ta san inda ta tsaya.

Na san inda take.
Tana gun Baffa Givi,
wanda rabonsa da magana da Baba
tun yammacin wannan tsinkar,
a kan layi uku na kuringa da dutsen iyaka.
Ko jana'iza, daga bakin ƙofa ya tsaya.

Awa biyu a ƙaramar bas, faifan a ƙirjina.

Bai ce in shigo ba, bai ce in koma ba.
Ya dubi rubutun ya daɗe,
sai ya jawo durowa.
Kyamarar na cikin safar ulu, batirinta ya mutu.
Muka jona ta a bango, muka zauna,
yana fasa goron bishiyarsa, ina ci don in sami abin yi.

Ɗan allon ya farka, ya tambaya:
A rufe faifai?
Babban yatsansa ya tsaya a sama, yana rawa.
Ya danna.
Minti tara tana ƙara kamar mai ɗinki.

Na mayar da shi kwamfuta.
Sama ta fara zuwa, sai takalman wani,
sai tafin kaka ya rufe ido, tana dariya, tana cewa ku bar ni.
Daga bayan kyamara, muryar Baba, matashiya:
Givi, zo riƙe mini, hannuna ya ga

Nan ya yanke.

Baffa ya share ɓawon goro daga cinyarsa,
ya jawo kujera kusa.
Ya ce, maido shi farko.